Baba ya sake faɗuwa a hanyar alwala, yaya kuka yi da naku?

Mai tambaya, daga Makka:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da aka sallamo Babanmu, ɓarin hagu ne ya shanye. Ya fara takawa da sanda, alhamdu lillahi, amma shekaranjiya da asuba muka tsince shi a ƙofar banɗaki, karo na biyu ke nan. Gidanmu na kan dutse ne a Shara Mansur, matakala kamar ba za ta ƙare ba. Yayanmu ya ce a hana shi tashi gaba ɗaya. Waɗanda suka yi irin wannan jinya, ku taimaka.

Wata uwa, daga Jidda:
Allah ya ba Baba lafiya. Ɗana, ka lura da lokacin. Na yi jinyar surukata shekara biyu, faɗuwarta uku, duk tsakanin gado da banɗaki, duk da dare. Ba rashin mai kama ta ba ne, a ɗakin nake kwana. Kunya ce. Hajiya ba za ta iya tada matar ɗanta don fitsari ba, gara ta lallaɓa a duhu. Sai da na gane haka na mayar da jikarta ɗakin, wadda take iya daka wa tsawa ba nauyi. Muka bar fitila a kunne, muka naɗe ƙananan dardumai, aka kafa ƙarfen riƙewa a bango, aka sauya masai na tsugunno da na zama. Silifas kuma na ɓoye su. Ƙafar da ba ta ji sosai ba ta san takalmi ya zame ba, ga tayil ɗin ƙasar nan in ya jiƙa kamar an zuba karkashi.

Ma'aikacin gashin ƙashi, daga Madina:
Don Allah ka roƙi Yaya kada a kwantar da shi. Kwanciya ƙara kashe ƙafa take yi, ranar da ya saci jiki ya tashi kuwa faɗuwar ta fi muni. Akwai gwajin da muke yi: ya zauna a kujera mai hannu, ya tashi, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, kana gefensa kana duba agogo. In ya wuce daƙiƙa 14 ko kusa da haka, kada a bar shi ya yi tafiya shi kaɗai. Ka kalli yatsun ƙafar hagu, in suna jan ƙasa akwai takalmin roba mai tallafe idon sawu, ku tambaya a asibiti. Sanda a hannu mai lafiya. A matakala, ƙafa mai lafiya ce gaba wajen hawa, mai ciwon ce gaba wajen sauka. Tambaya ɗaya: yana yawan bugun bakin ƙofa ta hagu, ko ya bar abinci a gefen hagu na faranti? Wasu masu shanyewar hagu ƙwaƙwalwarsu mantawa take da wannan ɓangaren, alhali idonsu lafiya lau.

Direba, daga Riyad:
Ni kaina ne mai ciwon, bara ya same ni. Tawa jiri ce. Ina miƙewa sai duhu ya rufe ni. Ashe maganin hawan jini ne, har da wanda ke sa fitsari da nake sha da yamma. Likita ya auna ni a kwance da a tsaye, ya mayar da shi safe. Yanzu in na farka sai na zauna bakin gado na yi azkar kafin in taka ƙasa. Kada dai ku taɓa magani da kanku.

Wata 'yar uwa, daga Hindawiyya:
Tamu rigimar a kan salla aka yi ta. Malam ya rantse ba zai yi a zaune ba, a tasowa daga sujada ya kifa. Babu wanda ya iya da shi sai limamin unguwa, da ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari, cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. Alwala ma a kujera yake yi yanzu, da buta da roba, don ɗaga ƙafa zuwa famfo tsayuwa ce da ƙafa ɗaya. Ɗawafi kuwa a keke, har gobe yana ƙorafi.

Uwar nan ta Jidda:
Na manta. In yana shan maganin tsinka jini kuma kansa ya bugu, ko ya ce ba komai a kai shi asibiti, jini na iya tsiyaya a ciki ba a sani ba. Lambar kiran motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar 997 ce. Kuma ba a jan hannun da ya shanye wajen ɗaga shi, kafaɗar gocewa take.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Mun gwada ɗazu bayan la'asar, daƙiƙa 22. Batun faranti kuma wallahi haka ne, mu da muke cewa cin abinci ne ya ragu. Ƙanina zai koma kwana ɗakinsa daga yau. Saura matakalar waje, ranar Lahadi muna da ganin likita kuma har yanzu ba mu san yadda za mu sauko da shi ba. Akwai wanda ke zaune a kan dutse irin namu?