Neman kalmar Hausa: yaya za mu ambaci kwatance a jikin mutum da siffofin ƙashi?

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Na kawo wannan batu ne domin mu daidaita wasu kalmomi da masu karatun kiwon lafiya ke haddacewa da Latinanci, alhali idan suka zo yi wa majinyaci ko mai ɗori bayani sai harshe ya ɗaure. Jerin sunayen sassan jiki da duniya ke aiki da shi a yau, wato Terminologia Anatomica, ya fito ne a 1998, kuma asalinsa yana komawa ga wani jeri da aka amince da shi a birnin Basel a 1895. Hausa ba ta rasa sunayen ƙasusuwa ba, domin muna da ƙoƙon kai da muƙamuƙi da allon kafaɗa da haƙarƙari da ƙwauri, kuma mahauci ya san su kafin ɗalibin likitanci ya buɗe littafi. Inda muke da giɓi shi ne kalmomin kwatance.

Dukkan kwatancen ana gina shi ne a kan tsayuwa guda ɗaya: mutum yana tsaye, fuskarsa gaba, hannayensa a sake a gefe, tafukansa suna kallon gaba. Ko majinyaci yana kwance rub da ciki, da wannan tsayuwa ake auna shi. Ina ba da shawarar mu kira ta tsayuwar ma'auni. Sama da ƙasa da gaba da baya ba su da gardama, sun wadatar kamar yadda suke.

Gardamar tana kan "medial" da "lateral". Na sha jin ana cewa ta ciki da ta waje, amma ban gamsu ba, saboda ciki a bakin Bahaushe tumbi ne kafin komai, sannan muna bukatar ciki da waje domin bambance abin da ke can cikin nama da wanda ke kusa da fata. Abin da kalmomin biyu ke nufi shi ne kusanci ko nisa daga layin da ya raba jiki gida biyu, daga tsakiyar goshi ya bi ta hanci da cibiya. Don haka na zaɓi wajen tsakiya da wajen gefe. A gwada da idon sawu, wanda biyu ne a kowace ƙafa: na wajen tsakiya ƙarshen babban ƙashin ƙwauri ne, na wajen gefe kuma ƙarshen siririn ƙashin da ke kusa da shi ne. A hannu ma, cikin ƙasusuwa biyu da ke tsakanin gwiwar hannu da tsintsiyar hannu, wanda ke bin babban yatsa shi ne na wajen gefe, kuma a nan ne amfanin tafukan da ke kallon gaba yake bayyana, domin da zarar an kife hannu sai ƙasusuwan biyu su giciye.

Ga "proximal" da "distal", waɗanda aka fi amfani da su a hannu da ƙafa domin nuna kusanci ko nisa daga inda suka haɗu da gangar jiki, itace ya ba mu misali, tun da reshe yana da inda ya tsiro da inda ya ƙare. Da farko na yi tunanin gindi, sai na ga a aji ko a gaban majinyaci kalmar za ta jawo dariya ko jin nauyi. Tushe ya fi tsabta. Sai mu ce gwiwar hannu tana wajen tushe idan aka kwatanta ta da tsintsiyar hannu, yatsu kuwa suna wajen ƙarshe.

A siffofin ƙashi, kuskuren da ya fi yawa shi ne kiran kowane loɓawa rami. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, kuma abin da ke jikinsu iri-iri ne. "Foramen" buɗi ne da ya ratsa ƙashi domin jijiya ta wuce, kamar babban buɗin da ke ƙasan ƙoƙon kai inda laka ke haɗuwa da ƙwaƙwalwa. Kafa ce ta dace da shi, kamar yadda muke cewa kafar hanci, ko da yake dole mai rubutu ya kula da lanƙwasar baƙi don kada ta rikiɗe ta zama ƙafa. Huji bai yi ba, domin yana nuna wani ne ya huda. "Fossa" loɓawa ce da ba ta ɓulle ba, kuma kwarmi ya ishe ta. Inda kan wani ƙashi ke zama, kamar mazaunin kan ƙashin cinya a ƙugu, gurbi ne.

Wadda ta rage mini ita ce "crest", wato dogon tudu a jikin ƙashi, kamar wanda mutum ke taɓawa idan ya riƙe ƙugu. A Latinanci asalinta zankon zakara ne. Ni kunyar gona ce ta fi kama da shi a idona, har ma kwarin kunya ya ba mu sunan doguwar loɓawar da jijiya ke bi, sai dai a rubuce ba ta da bambanci da kunyar da ake ji. Malaman Hausa da masu ɗori da ke cikinmu, tsakanin kunya da zanko da doro, wanne kunnenku ya fi karɓa?