Gidan farko: in sayi fili yanzu, ko in jira kuɗin ginannen gida su cika?

Abban Sadiƙ:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gida da fili. Shekarata 33, ma'aikacin gwamnati ne ni a Kano, shekara 7 da kama aiki, ina zaman haya da iyali. Abin da na tara zai sayi fili a bayan gari, amma ba zai kai kuɗin ginannen gida ba. Wasu na cewa na makara, wasu na cewa in ci gaba da tari. A wace shekara ya dace mutum ya mallaki gidansa na farko, kuma ta ina ake bi ba a yi asara ba?

Ɗan Gwammaja:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka makara ba. A doka wuri ɗaya ne shekaru suke shigowa: sashe na 7 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana gwamna bai wa wanda bai kai shekara 21 ba shaidar mallaka, sai ta hannun waliyyi ko amintacce. Daga 21 zuwa sama, takarda ce abin dubawa, kuma a nan masu sayen farko suke faɗawa rami.

Fili iri biyu za a kawo maka. Akwai awon gwamnati, mai lambar fuloti da fayil, wanda ake fitar wa C of O, wato satifiket ɗin shaidar mallaka, ta shekara 99. Akwai kuma awon igiya, gonar da mai ita ya yanka ya sayar da shaidar mai unguwa ko dagaci. Awon igiya ya fi araha, shi ya sa yawancin mutane suke farawa da shi, amma ka san abin da kake saya. Banki ba ya karɓar takardarsa a jingina. Ana iya wayar gari a tarar hanya ta bi ta kansa a tsarin gari. In kuma gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta tsurar ƙasa ba.

In mai satifiket ne, kada ka yarda da hoton takarda a waya. Karɓi lambar fayil, lauyanka ya nemi bincike a hukumar adana bayanan filaye ta Kano, KANGIS, ko KADGIS in a Kaduna ne, ko AGIS a Abuja. Binciken zai nuna sunan wanda ke kai, ko an jinginar da shi a banki, da bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru. Bayan ciniki sai an nemi amincewar gwamna an yi rajistar takardar sayarwa, sannan sunanka ya hau. Mutane da yawa suna tsayawa a takardar ciniki, satifiket yana nan da sunan mutum na uku ko na huɗu a baya, sai ranar da za su sayar ko su nemi rance matsalar ta fito.

Gidan gado shi ya fi kowanne haɗari. Babban wa ya ce "ni ne wakilin gida" bai isa ba. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ko kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidajen aure a wasu garuruwa, da waliyyin marayun da ba su balaga ba. In kason mutum ɗaya za ka saya a gidan da ba a raba ba, ka tuna da shuf'a: abokin tarayya yana da ikon ya biya ka kuɗinka ya karɓe kason.

Kuɗi kuwa ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, ba asusun dillali ba. Kafin alƙalami ma a rubuta shi, da sharaɗin za a maido in bincike ya nuna matsala. La'ada galibi kashi 5 cikin 100 ce. A yi maganar wanda zai biya ta kafin a sallama.

Ma'ajin Unguwa:

Malam Ɗan Gwammaja ya yi gaskiya ta fuskar doka, amma ga ma'aikaci shekaru suna da nauyi sosai ta fuskar rance, kuma da lissafi ake ganinsa.

Kashi 2.5 cikin 100 da ake cirewa daga albashi yana zuwa asusun gidaje na ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, bankin gidaje na gwamnatin tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. Wanda ya yi wata 6 yana zubi yana iya neman rance ta hannun bankin jinginar gidaje, a kan ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, har zuwa shekara 30. Sai dai wa'adin ba ya wuce lokacin ritayarka, wato shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Kuma abin da za a riƙa cira a wata kada ya haura sulusin albashi.

Mu ɗauki naira miliyan 10. Kai mai shekara 33 saura maka shekara 27, biyan wata zai kama kusan 62,400, ke nan albashinka ya kai wajen 187,000. In ka bari sai ka kai 45, saura 15, biyan wata ya zama kusan 84,400, albashin da ake buƙata ya koma wajen 253,000. Rance ɗaya ne, shekaru ne kawai suka sauya lissafin.

Akwai kuma ƙa'idar da hukumar fansho ta PenCom ta fitar a 2022, wadda ta ba mai asusun fansho damar amfani da har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki a matsayin kason kuɗin gidan da zai fara zubawa kafin a ba shi rance, in ya yi wata 60 ana zuba masa. Kai ka wuce wannan. Amma ka riƙe abu biyu: rancen nan yana ɗaukar lokaci kafin ya fito, don haka kada ka yi wa mai gida alkawarin biya cikin wata guda, sannan ba a bayar da shi sai a kan gida mai cikakkiyar takarda.

Maganar a ci gaba da tari a asusu, ban goyi bayanta ba. Siminti da rodi da fili suna tashi fiye da yadda albashi ke tashi. Kuɗin da suka isa fili bana, in suka kwana shekara biyu a banki, ba lallai su isa filin ba.

Injiniya Tudun Wada:

Ni shawarata fili, sannan gini a hankali, amma da tsari. Ka fara da zanen dukan gidan ko da ɗaki biyu za ka iya yanzu, a kai hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, a sami izinin gini. Gidan da aka yi ta ƙara masa ɗaki ba zane shi ne wanda ake ƙarewa da ɗaki ba taga, ruwan tsakar gida ba mafita.

Duba girman filin da kyau. Cikakken fuloti ƙafa 50 da 100 ne, kusan murabba'in mita 465. Yawancin awon igiya 50 da 50 ne ko ƙasa da haka. Ƙafa 50 kuwa mita 15 ce kawai, kuma mita 15 ita ce mafi ƙarancin tazarar da ake so tsakanin rijiya da sokawe ko shadda. A irin wannan fili, tun kafin a haƙa komai ka san inda maƙwabta suka sa nasu ramin. Ka tafi da tef ka auna da kanka a gaban mai fili da maƙwabta, ka kafa bulo a kusurwa huɗu a ranar. In da hali ka kewaye, don filin da aka bari fili shi ake sayarwa sau biyu.

Ka je wurin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. A Kano akwai wurare da yawa da tsofaffin kududdufai ne aka cike da shara. In ka haƙa ka ga leda da baƙar ƙasa mai laushi, fandishon wurin zai ci kuɗin ɗaki guda, in kuma aka yi ha'inci gini ya zauna ya tsage. Ka nisanci ƙarƙashin babbar wayar wuta: layin 330kV yana da hurumin mita 50, na 132kV mita 30.

Wajen kaya: murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 10, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 shi kaɗai kusan bulo 400 daga kan fandisho zuwa rufi. Buhun siminti ɗaya kada ya wuce bulo 30 na inci tara. Masu bugawa don sayarwa suna kai shi 45 ko fiye, shi ya sa yake marmashewa a hannu. A ba shi ruwa kwana 7. In kuɗi sun shigo ka sayi bulo, rodi ko kwano ka ajiye, ban da siminti, wanda bayan wata uku yake fara daskarewa. Kuma kada a tsaya a linta damina biyu. Gara ka kammala ɗaki biyu da banɗaki ka rufa ka tare, kuɗin haya su koma cikin gini, da ka ɗaga ɗaki biyar ruwa yana dukansu.

In kuma tsohon gida ka samu da araha, duba gindin bango. Sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai alama ce ta danshi da aka ɓoye. Tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa ta fandisho ce, filasta ba ta maganinta. A ɗaga silin guda a haska katako da tocila saboda gara. A tambayi bashin wuta da na ruwa kafin a biya.

Maman Hafsa:

Yayana, abu biyu zan ƙara. Na farko, rancen da Malam Ma'aji ya yi wa lissafi yana da ruwa a kai, kuma mutane da yawa a nan ba za su taɓa shi ba saboda riba. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ko ya ba ka haya har ka mallaka. Ka nemi su rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka kwatanta, don rashin ruwa ba ya nufin araha.

Na biyu ya fi damuna. Gidan farko sau da yawa da kuɗin mace a ciki: ta sayar da sarƙarta ta gwal, ta kwashi adashi ta bayar a sayi kwano. Takarda kuma sunan miji kaɗai. Ranar da ta Allah ta kasance, gidan duka ya shiga gado, ita tumuni kawai za ta samu in akwai 'ya'ya, in da kishiya ma su raba shi. Don Allah in iyalinka za ta sa ko sisi, a rubuta a gaban shaidu biyu: bashi ne, kyauta ce, ko kaso ne a gidan. In kaso ne, sunanta ya shiga takardar ciniki tun ranar farko.

Abban Sadiƙ:

Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya, Malam Ɗan Gwammaja: in na sayi awon igiya, ana iya yi masa satifiket daga baya?

Ɗan Gwammaja:

Ana yi, in wurin bai faɗa cikin filin da gwamnati ta riga ta tsara ko ta karɓa ba. Shi ya sa ake fara kai safiyo ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin, a kai ofishin ƙasa a ɗora su a kan taswira, kafin ka biya ba bayan ka biya ba. In ya fita lafiya, ka adana takardar ciniki mai sa hannun mai fili da shaidu da mai unguwa da dagaci, tare da duk takardun waɗanda suka riƙe shi kafin kai, don su za a nema in ka cike fom. Ka ware kuɗin safiyo, lauya, la'ada da rajista daban da kuɗin filin tun yanzu, kada ka zuba duk abin da ka tara a ciniki.