Taron AMEE mai zuwa: ko ya dace malamar ungozoma ta nemi halarta?

Malamar Ungozoma:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar ungozomomi, kuma shugabar sashenmu ta ba ni shawarar in nemi halartar taron shekara-shekara na ƙungiyar AMEE mai zuwa, wato ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu koyar da fannonin kiwon lafiya, saboda zaman da ake yi a cikinsa kan amfani da fasahar zamani wajen koyar da ɗaliban kiwon lafiya. Abin da ke sa ni jan ƙafa shi ne, shekara uku ke nan da aka sayo mana mutum-mutumin koyon aiki mai haɗe da kwamfuta, wanda yake numfashi har ana jin bugun zuciyarsa, amma tun da batirinsa ya mutu yake kwance a sito lulluɓe da zanin gado, babu mai iya gyara shi. Shin akwai abin da mai koyarwa a irin wannan hali za ta ƙaru da shi, ko kuwa kallo kawai zan je in yi in dawo?

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Malama. Ina ganin ya dace ki nema, amma da sharaɗin ki je da aikinki a hannu. An kafa AMEE a Kofanhagan, babban birnin ƙasar Denmark, a shekarar 1972, ofishinta yana birnin Dandi a Sukotilan, kuma taronta ya kan faɗo a ƙarshen watan Agusta: an yi shi a Gilasgo a 2023, a Basel a 2024, sannan a Basalona a 2025. Masu halarta ba likitoci ba ne kaɗai, har da malaman jinya da ungozomomi da masu harhaɗa magunguna. Ko jarrabawar OSCE da ɗalibanki suke yi, wadda ake zagayawa daga tasha zuwa tasha ana nuna aiki a gaban mai jarrabawa, daga birnin Dandi ta samo asali, domin Farfesa Ronald Harden da abokan aikinsa ne suka wallafa bayaninta a 1975, kuma shi ya daɗe yana jan ragamar ƙungiyar. Labarin mutum-mutumin nan naku ma abin gabatarwa ne, idan kika rubuta dalilin mutuwarsa da yadda kuka ci gaba da koyarwa ba tare da shi ba. A farkon shekara ake rufe karɓar taƙaitattun maƙalu, saboda haka kada ki bari lokaci ya ƙure.

Tsohon Malamin Jinya:
Dakta ya yi bayani, sai dai ina da gyara kaɗan. 'Yata, idan kin shiga zauren baje koli za ki ga teburin koyon sassan jiki mai allon taɓawa, da tabaran da ke sa ɗalibi ya ji kamar yana cikin ɗakin tiyata, da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya kamar majinyaci. Duk suna da kyau, amma kowannensu wuta yake ci da intanet, kuma ke kin fi ni sanin sau nawa ake kunna janareto a makarantarku. Ni abin da na ga ya canza hannun ɗalibai shi ne NeoNatalie, jaririyar roba ta kamfanin Laerdal na ƙasar Norwe, wadda ake amfani da ita a shirin taimaka wa jarirai su yi numfashi da aka ƙaddamar a 2010. Ruwan ɗumi ake ɗura mata har ta yi nauyin sabuwar haihuwa, malami yana matsa 'yar roba a ɓoye cibiya tana bugawa, ɗaliba kuma tana hura iska da jakar numfashi tana duba ko ƙirji ya ɗaga, duk cikin mintin farko bayan haihuwa. Akwai kuma MamaNatalie, wadda malama ke ɗaurawa a cikinta, ta saki ruwa mai launin jini domin a koyi tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Babu wadda take buƙatar batir a cikinsu. Ki nemi zaman da ake tattauna irin waɗannan, da kuma yadda ake zama da ɗalibai bayan atisaye a bi kurakuransu ɗaya bayan ɗaya, domin a wannan zaman ne karatun yake shiga.

Ma'aikacin Ofishin Rajista:
Hajiya, ki fara da lissafin kuɗi tun yanzu, domin rajista da tikitin jirgi da masauki duk da kuɗin waje ake biya, kuma samun ranar ganawa a kan biza yana iya cin makonni. Asusun TETFund na gwamnatin Najeriya, mai tallafa wa manyan makarantu, yana da kason halartar taruka, amma na ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi na gwamnati ne, don haka ki tabbatar da matsayin makarantarku kafin ki dogara da shi. A shekarun baya-bayan nan an ba da damar halarta ta intanet a kan kuɗi mafi sauƙi.

Malamar Ungozoma:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, muna da NeoNatalie guda biyu, kuma ina da sakamakon atisayen ɗalibai na zango huɗu a cikin rajista, ban taɓa ɗaukarsa abin rubutawa ba. Dakta, idan na tsara taƙaitaccen bayanin a makon gobe, ina roƙon ka duba mini shi kafin in tura.