Neman taimako: me za mu kira inkirifshin da Hausa?

Mai Darasi: Salam 'yan uwa, gobe da safe zan koya wa ɗalibai yadda ake gina manhajar da ba ta barin kowa ya karanta fayil sai mai makullinsa, kuma da Hausa nake so in yi. Kalma biyu suka tsaya min, inkirifshin (encryption, wato juya bayanai yadda ba za su karantu ba sai da makulli) da dizain fatan (design pattern, wato tsarin da ake bi wajen gina manhaja). Shi Proxy, dizain fatan ɗin da ke tsayawa gaban bayanan ya duba izininka kafin a warware maka, na sa masa "mai gadi" kuma ya zauna daram.

Ɗan Kodin: Dizain fatan kam ka ce zubi, zubin ginin manhaja. Ai ba kod ba ne da za ka kwafa, hanya ce da aka sha gwadawa ta yi, kamar zubi 23 da wasu masana huɗu suka tattara a littafi a 1994. Ɗayar kuma ɓoyewa.

Mai Fassara: Ɓoyewa bai fito da shi ba ƙanina, fayil ɗin yana nan kowa na gani, karantawa ce ta gagara. Muna da zaurance! A juya magana wanda bai sani ba ya ji shirme. Zaurantawa kenan, na daɗe ina faɗa.

Ɗan Kodin: Yaya a nan fa zai ɓatar da yara, don zaurance da zarar ka gane dabarar shi kenan asiri ya tonu, amma tsarin inkirifshin da ake kira AES tun 2001 da Amurka ta ɗauke shi dabararsa a fili take kowa zai iya karantawa, sirrin duk yana cikin makulli, mai tsawon bit (wato sifili ko ɗaya) 128 ko 192 ko 256, kuma ainihin abin da malam zai koyar kenan, wa za a ba makulli wa za a hana.

Mai Fassara: Ku dai kun raina harshenku, komai sai an aro.

Malama: Ba raini ba ne yaya, ko karatu da littafi aro ne. Abin da ke damuna ɗalibi ya fita neman aiki bai taɓa jin kalmar da ake amfani da ita ba. Ni sirrantawa da makulli nake cewa.

Mai Darasi: Na gode. Zubi ya shiga. Gobe zan ce sirrantawa da makulli, in faɗi inkirifshin sau ɗaya, zaurance kuma in buɗe darasi da shi a matsayin misali.

Mai Fassara: Ya yi tsawo, ba zai kama baki ba. Amma tunda gobe ne, je ka da shi, mu ji yadda yaran suka karɓa.