Tsohon CBR ɗina: in ci gaba da riƙo ko in yi musaya da Boxer?

Mai tambaya, daga Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da mashin Honda CBR600F3 ƙirar 1997, na saye shi na hannu wajen yayana da ya koma Abuja, kuma ya daɗe a hannuna. Ƙauyenmu yana da ɗan nisa da kwalta, hanyar rairayi ce da rani, da damina kuma taɓo, don haka sai ya yi watanni a jingine a zaure. Bana da na zo tayar da shi ya ƙi, sai da aka wanke kafireto, yanzu ma yana tari idan yana tsaye. Batir sabo ba ya ƙarko, ga wata ƙara "kar-kar-kar" ta ɓangaren dama idan injin bai yi zafi ba. Wani ya ce zai ba ni sabon Boxer ya karɓe shi, Baba kuma kullum maganarsa ke nan, wai abin da ba ya ɗaukar buhun gero ba abin hawa ba ne. Ni dai ina son mashin ɗin nan. Wanda ya riƙe irinsa shekara da shekaru ya ba ni shawara don Allah.

Bakanike, Kano:
Wa alaikumussalam. Ƙanena, duk abin da ka lissafa sanannun cututtukan wannan ƙirar ne, babu na mutuwa a ciki. Fara da batir. Ba batir ɗin ke da laifi ba, galibi rektifaya ce, wato abin da ke daidaita wutar caji, kuma Honda na waɗannan shekarun sun yi suna wajen ƙona ta, balle a zafin Afrilu na Jigawa. A sa mita a kan batir, a murza mashin ya kai juyi dubu biyar, ya kamata ka ga wajen bolt 13.5 zuwa 14.5. In ya tsaya a 12 ba ya caji, in ya wuce 15 dafa batir yake yi. Sannan a zare soket ɗin da wayoyi uku masu ruwan ɗorawa ke shiga, ka duba da idonka. Sau da yawa za ka tarar robar ta narke ta yi baƙi, tana warin ƙuna. In ka sa sabuwar rektifaya a kan wannan soket ɗin, kuɗinka ka zubar. A yanke, a haɗa wayoyin da dalma sosai.

Ƙarar nan kuwa ina kyautata zaton abin da ke ɗame sarƙar taimin ne ya saki. Ƙaramin abu ne, ana canza shi ba tare da an sauke inji ba. Amma kada ka bari ta daɗe, in sarƙar ta tsallake haƙori bawul ne zai ji a jikinsa, a nan ne ake kuka.

Malamin makaranta, Gumel:
Ni nawa Kawasaki ne, amma matsalar ajiya ɗaya ce. Fetur ɗin da ya kwana watanni a kafireto yana zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan jet. Kafin ka jingine shi, rufe famfon mai, ka kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kowane kofin kafireto ka tsiyaye man. Cika tanki don kada ya yi tsatsa, cire batir ka shiga da shi ɗaki. Kuma ka rabu da man 'yan bumburutu, ko da za ka yi tafiya kafin ka kai gidan mai.

Bakanike, Kano:
Malam ya yi gaskiya. Ƙari a kan haka, kafireto huɗu ne a jere, wankewa kaɗai ba ta isa, sai an daidaita su da agogon iska su riƙa ja tare. Tarin da kake ji ke nan. Mai gyaran Jincheng na bakin kasuwa gwani ne a aikinsa, amma wannan ba layinsa ba ne, kada ka matsa masa.

Dattijo, Taura:
Yaro, ni a bayan mahaifinka nake. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ke lissafin lita, kai kuma kana kiwon inji mai silinda huɗu a hanyar da ko giya ta uku ba za ka sa ba. Boxer zai kai ka gona, ya kai mara lafiya asibiti, kayansa har a kasuwar ƙauye akwai. Sannan hanyoyinmu akwai awaki da amalanke, wannan gudun ina za a kai shi? Ka yi tunani.

Wata 'yar uwa, Dutse:
Maigidana ya riƙe irinsa. Abin da ya fi cin kuɗi taya ne, ba inji ba. Ta baya faffaɗa ce, ba a samunta ko'ina, sai ya yi saƙo Kano, wani lokacin har Legas, kuma yawanci ta Beljiyam ce. Ya koya min duba lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ta haura shekara biyar ko shida ba ya saye, ko da zanenta na nan raɗau, don robar ta bushe.

Mai tambaya, daga Ringim:
Na gode ƙwarai. Baba na Taura, na ji, Allah ya ƙara girma. Oga bakanike, baƙin mai fa? Na mota nake zuba masa.

Bakanike, Kano:
Daina. Kulocinsa a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota suna sa shi sulɓi. Nemi 10W-40 na babur mai rubutun JASO MA a jikin galan. Lagireto kuma kada a zuba masa ruwan rijiya, yana cin alminiyam, sa kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, ka tabbata fanka tana tashi idan ya yi zafi. Da hunturu ka riƙa buɗe matatar iska akai-akai, ƙurar nan ita ke cinye zoben fistin a hankali.

Maganar musaya kuwa, kada ka yi ta yanzu, da cuta a jikinsa za a taya shi a wulaƙance. Gyara wuta da ƙarar tukuna, a gwada ƙarfin matsin kowace silinda. In huɗun sun yi kusa da juna, injin yana da sauran rai mai yawa, sai ka lallaɓa ka sayi Boxer na hannu don gona, wannan ka ajiye shi gidan wani naka a bakin kwalta. In ɗaya ta faɗi sosai, to ka kira mai Boxer ɗin. Ranar da za ka kawo shi Kano a ɗoro shi a a-kori-kura, kada ka hau shi da wannan ƙarar.