Sa hannun mawaƙa na jabu: wa ya taɓa faɗawa, kuma yaya ya gane?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Abin da ya same ni makon jiya ne ya sa na ɗauko wannan zance. Shekara 20 ke nan ina tara kaset da faifan garmaho na mawaƙanmu, tun daga akwatin da mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa. Ranar Alhamis wani yaro ya tare ni a bakin kasuwar Dole ta Damagaram da fastar marigayi Alhaji Mamman Shata, an sa hannu daga ƙasa da baƙin marka, har da “zuwa ga masoyina”. Ya ce kakansa direban babbar mota ne, a Funtuwa ya haɗu da Shata ya rubuta masa. Ya yi kuɗi jika 40, wato sefa dubu 40, muka daidaita a 25. Da dare na kunna tocila ina ƙare mata kallo, sai idona ya kai can gefe inda maɗaba'a ta sa adireshinta da ƙananan baƙaƙe. Lambar wayar salula ce ta Najeriya, mai farawa da 080. Gabana ya faɗi. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, layin GSM kuwa bai fara aiki a Najeriya ba sai 2001. Ashe takardar ma ba a buga ta ba sai bayan an binne wanda aka ce ya yi rubutu a kanta. Wallahi kuɗin ba su ci mini rai kamar ƙaryar da aka yi wa mamaci ba. Duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ya gane.

Mai Kaset na Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar maka da alheri. Ni na yi sama da shekara 30 ina kwafar kaset a shago, bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Tsofaffin makaɗanmu, masu kalangu da kukuma da gurmi da makaɗan fada, sa hannu a hoto ba al'adarsu ba ce. Wanda mawaƙi yake so, sunansa yake jefawa cikin waƙa, ko ya tuɓe hularsa ya miƙa masa a gaban jama'a. Da yawansu makarantar allo suka yi, in za su rubuta abu da ajami suke rubutawa. Na taɓa zama shaida ranar da wani mai gurmi daga wajen Mirriya ya yi yarjejeniyar ɗaukar sauti da wani ɗan kasuwa. Da aka zo sa hannu, babban yatsansa ya dangwala a tawada ya danna. Shi ke nan. Saboda haka in na ga kaset ɗin makaɗin gargajiya da sa hannun boko mai lanƙwasa da jela kamar na daraktan banki, tun daga nan nake ja da baya. Ban ce babu mai iya boko a cikinsu ba, amma sai an kawo mini hujja.

Ga wanda ya fi ba ni takaici. Shekarun baya wani mutum ya shigo shagona riƙe da kaset a leda kamar ya ɗauko ƙwai, ya ce a Kano aka sayar masa, wai rubutun da ke jikin takardar na mawaƙin ne da kansa. Na karɓa na duba. Rubutuna ne. Ni na rubuta sunayen waƙoƙin da jan bik, da irin “k” ɗina mai doguwar ƙafa, a wannan teburin da yake jingine a kai. Na buɗe durowa na fito masa da guda 6 masu rubutu iri ɗaya. Mutumin ya zauna a benci ya daɗe bai ce komai ba, ni ma na rasa abin da zan ce masa.

Malamar Lakwal:
Sannu Baba Mai Kaset. Ni ba mai tara kaya ba ce, maigidana ne, amma shekara 18 ina kama yara masu kwaikwayon sa hannun iyayensu a takardar sakamako, kuma hannun mai kwaikwayo ɗaya ne ko yaro ko babba. Mai sa hannunsa na gaskiya ba ya tunani, alƙalami ne ke gudu. Za ka ga layin ya fara da siriri, ya yi kauri a tsakiya, ya ƙare da siriri kamar wutsiyar ɓera. Mai kwaikwayo zane yake yi a hankali, ido ɗaya a kan na asali. Layinsa kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, yana da ƴar karkarwa, kuma akwai ɗigon tawada a wuraren da ya tsaya ya duba ya ci gaba. Wasu da fensir suke fara bi sannan su ɗora bik, sai ka ga dauɗar gogewa a gefe. Hoton da maigidana ya sayo na juya bayansa na shafa da yatsa, na ji layi biyu a wuri ɗaya: na fensir da aka danna, da na bik da bai hau kansa daidai ba.

Ɗan Garin Malam:
Namu a fadarmu ta samari, inda muke zaman hira, ya faru. Wani abokinmu ya dawo daga Agadas da faifan CD na Bob Marley, an sa hannu a kwalin, yana ta nuna wa kowa ana shan shayi. Wani yayanmu ya ce ya mayar a ba shi kuɗinsa: mutumin ya rasu 11 ga Mayu 1981, CD kuwa sai 1982 ya shigo kasuwa a duniya. Irin na Ɗan Birni ne sak.

Hajiya ta Sabon Gari:
Malama ki yi haƙuri, ban yarda da maganar karkarwa ɗari bisa ɗari ba. Ina da hoton wata mawaƙiya da ta yi wasa a bikin ƙanwata, ta sa mini hannu da kanta. In kika gan shi za ki ce na jabu ne, don a karkace yake, harafin ƙarshe ma bai fito ba. A kan murfin mota ta rubuta, da dare, mata na turereniya, zufa na ɗiga mata. Amma a gabana aka yi, mai hoton biki ya ɗauke mu tana rubutawa, kuma uwargidan yayana tana tsaye a wurin. Kada mu sa mutane su zubar da na gaskiya saboda ba shi da kyau.

Malamar Lakwal:
Gaskiyarki Hajiya, na gode da gyara. Karkacewar gaggawa daban, karkarwar mai zane daban. Na gaggawa muni ne da shi amma a guje yake. Tsoho ko marar lafiya ma hannunsa na rawa. Ni wanda ya cika kyau ma ya fi ba ni tsoro.

Mai Gyaran Agogo:
Ni da gilashin aikina nake dubawa, wanda nake maƙalawa a ido. Lokacin bikin Zinder Sabuwa na Disamba 2018 gari ya cika da baƙi, mutum biyu suka zo rumfata a rana ɗaya, kowa da hoton wani ɗan wasan gita mai sa hannu da shuɗi. Na sa gilashi, sai na ga rubutun ba tawada ba ne, ɗige-ɗige ne ƙanana masu launi irin na sauran hoton. Tare aka buga su a inji. Na ɗora ɗaya a kan ɗaya na ɗaga wa rana, suka hau juna ba ko gashi tsakaninsu. Ɗan Adam ba ya sa hannu sau biyu iri ɗaya sak, ku gwada naku ku gani. Ko ba gilashi, karkata hoton a haske: tawadar gaske tana zaune a saman takarda, ƙyallinta daban da na hoton, kuma bik yana barin kwari.

Tsohon kwalin garmaho kuma, ku duba inda ya karye ko ya goge. In an yi rubutun tun kwalin yana sabo, rubutun ma zai goge tare da shi. In bayan ya tsufa aka yi, tawadar za ta bi cikin tsagar ta yi gashi-gashi. Akwai masu jiƙa takarda da ruwan shayi ta yi ja. Tsufan gaske daga gefe yake cin takarda, na shayi ko'ina ɗaya ne, wani lokaci har da sawun ruwa.

Ɗalibi a Faransa:
Barkanmu da war haka iyayena. Nan ma ba su tsira ba. Akwai injin da ke riƙe alƙalami na gaske yana zana sa hannun mutum, autopen suke ce masa, don haka tawadar ta gaskiya ce amma ba hannu ba ne. A Nuwamba 2022 an sayar da littafin Bob Dylan kwafi 900, kowane dalar Amurka 599, a kan cewa da hannu ya sa, kowane da wasiƙar shaida daga kamfanin da ya buga. Masu saye ne suka riƙa ɗora hotunan nasu a intanet suna gwadawa, suka ga sa hannun yana maimaita kansa. Ya fito ya ba da haƙuri, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Na faɗi wannan ne saboda wani ɗan ajinmu ya sayi riga mai sa hannu, takardar shaidarta har da tambarin zinariya, muka nemi kamfanin da ya bayar muka rasa ko adireshinsa. Wanda ya iya ƙirƙirar sa hannu, takardar shaida ba za ta gagare shi ba.

Mai Kaset na Zango:
Yaro ya faɗi gaskiya. Ni yanzu kafin in kalli rubutu, tambaya nake yi irin ta malaman hadisi: wa ya ba ka, shi wa ya ba shi, a wane gari, wa ke tsaye a wurin? Na Hajiya yana da mai hoto da uwargidan yayanta, ana iya zuwa a tambaye su yau. Na jabu kullum kaka ne da ya rasu, ko wani Alhaji da ba a faɗi sunansa ba, kuma mai sayarwa yana sauri zai shiga mota. Iyalan mawaƙan nan da ƴan amshinsu suna nan da rai, a Damagaram da Katsina da Maraɗi. Kira ɗaya ya isa ka ji ko mahaifinsu yana rubutu, da wane hannu, da boko ko ajami.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na sake ganin yaron a tasha. Ban yi masa faɗa ba, don bai fi shekara 16 ba. Na nuna masa lambar wayar, na faɗa masa shekarar da Shata ya rasu, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce wani mutum ne ke ba shi, jika 2 yake samu a kan kowace, labarin kakan ma mutumin ne ya koya masa. Ya buɗe jakarsa na ƙirga guda 11, duk “zuwa ga masoyina”. Na roƙe shi ya mayar wa mai su, ya kuma yi alkawarin biyana a hankali, na ce ya fara daina sayarwa tukuna.

Yanzu hankalina ya koma kan akwatin mahaifina. Akwai faifan garmaho 3 masu rubutun ajami a kwali, tun ina yaro nake jin cewa na makaɗin ne, ban taɓa tambayar kowa ba. Inna tana nan da ranta, gobe in Allah ya kai mu zan zauna da ita in ji inda Baba ya samo su. Malam Mai Agogo, ranar Alhamis bayan la'asar zan kawo maka su rumfa ka sa musu gilashi. Baba Mai Kaset, in da hali ka zo, kai ne ka san hannun masu shagunan da.