Wai asibitin gwamnati ma ya koma na kuɗi ne?

Ɗan Garwa: Salam jama'a. Don Allah ina da tambaya, meye bambancin asibitin gwamnati da kilinik yanzu a nan Kamaru? Na kai tsohuwata wani asibiti, karne (littafin majinyaci) kuɗi, ganin likita kuɗi, safar hannu da sirinji ma ordonas (takardar magani) aka rubuto min in siyo a farmasi, ƙarshe likitan ya ce mu same shi da yamma a kilinik ɗinsa wai injin eko (na hoton ciki) na asibitin ya lalace. Siyar da asibitocin aka yi ba mu sani ba?

Malam Buba, Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba a siyar ba ɗana, amma abin ya daɗe. Tun tsarin Bamako na 1987 aka ce majinyaci ya riƙa biyan wani abu don kar magani ya yanke a asibiti, sai aka zabge albashin ma'aikata a 1993, sefa ta faɗi a 1994, to daga nan likita da nas kowa ya nemi hanyar cefane. Ginin dai na gwamnati ne, sauran aljihunka.

Maman Hanifa: Gaskiya Malam ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shek sante, takardar kula da masu ciki, jaka 6 na biya a Ngaundere, awo da haihuwa duk a ciki, maƙwabciyata har tiyata aka mata ba ta ƙara ko sisi ba. Matsalar a ce maka maganin ya ƙare, je ka waje. Zazzaɓin yara 'yan ƙasa da shekara 5 ma kyauta ne a takarda, sai ka buɗe baki ka tambaya.

Abba Kuseri: Ku a birni kuna da zaɓi ma. Mutumin ƙauye kuɗin moto kaɗai ya gama da shi, shi ya sa yake tsayawa gun mai maganin tebur ya haɗa masa ƙwayoyi na dala ashirin, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a kwaso shi, a lokacin kuwa akuya ko buhun dawa ne zai tafi.

Ɗan Garwa: Maman Hanifa CSU ɗin, wato shirin gwamnati na kiwon lafiya ga kowa, da aka buɗe a 2023 fa, ya shafi tsofaffi masu hawan jini?

Maman Hanifa: Mu dai masu ciki da ƙananan yara da masu wankin ƙoda muka gani. Ka je da katin ɗan ƙasarta ka tambaya, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit.